Kula da Tsohon Inji Mai Taku Biyu: Daga Lungunan Zaitawa Zuwa Duwatsun Ƙanƙara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin sammako a unguwar Zaitawa, cikin birnin Kano, a tsakiyar hunturu, da wuya ya rasa ganin dattijo ya turo tsohuwar Vespa daga soro. Zai ɗan karkata ta gefe ɗaya, ya ja cok, ya taka kik sau biyu ko uku, sai ta tashi tana fitar da shuɗin hayaƙi. Ba ya hawa nan take. Yakan bar ta tana silo, ya gama gaisawa da maƙwabta, sa'an nan ya kama hanya. Wani babur ɗin ya girmi malamin da ke karanta wannan darasi, amma har gobe yana kai mai shi kasuwa.

A can ƙasar Kanada ma, da sassan Amurka masu duwatsu, akwai masu irin wannan al'ada da safe. Su nasu abin hawan shi ne babur ɗin ƙanƙara, wanda ke tafiya a kan dusar ƙanƙara. Injinsa da na Vespa 'yan gida ɗaya ne, wato inji mai taku biyu. A wannan darasi za mu kwatanta su, domin mu ga cewa rayuwar irin wannan inji ta rataya ne a kan awo tsakanin abubuwa uku: iska da fetur da man inji. Idan awon ya daidaita, inji ya daɗe. Idan ya karkace, sai garambawul.

Asalin na'urorin biyu

Wani bakanike mai suna Joseph-Armand Bombardier, mutumin garin Valcourt a lardin Kebek na Kanada, ya rasa ɗansa a hunturun 1934, domin dusar ƙanƙara ta rufe hanyar kai shi asibiti. Wannan ya ƙara masa himma wajen ƙera abin hawan da ƙanƙara ba ta tare shi. A 1937 ya fito da mota mai ɗaukar mutum 7, a 1959 kuma ya fito da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo. Babur ɗin ba shi da taya. A gaba yana da ƙafafu biyu masu kama da sirirren allo, waɗanda ke zamewa, a baya kuma yana da shimfiɗar roba mai haƙora da ke juyawa kamar ƙafar katafila. Na hawan dutse ya fi sauran doguwar shimfiɗa da dogayen haƙora, domin kada ya nutse a dusa mai zurfi.

Ita kuwa Vespa, kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fito da ita a 1946. Samfurinta na PX, wanda ya fito a 1977, an yi kusan shekara 40 ana ƙera shi kafin a daina. Haka nan kamfanin Yamaha, wanda ya shiga ƙera babur ɗin ƙanƙara tun 1968, ya sanar a 2023 cewa samfurin 2025 shi ne na ƙarshe. Ke nan mai tsohuwar Vespa a Kano da mai tsohon babur a Kanada matsalarsu ɗaya ce: na'urar tana nan, sababbin kayan gyara suna ƙara wuya, don haka kulawa ita ce jarinsu.

Yadda inji mai taku biyu yake aiki

Abin da muke nufi da taku shi ne tafiyar fistin sau ɗaya a cikin silinda, ko dai sama ko ƙasa. Injin mota, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya daidaita a 1876, yana bukatar taku huɗu kafin wuta ta tashi sau ɗaya: zuƙa, matsa, ƙuna, fitarwa. Mai taku biyu, wanda Dugald Clerk ya yi wa rajista a Ingila a 1881, yana gama duk wannan cikin hawa ɗaya da sauka ɗaya.

Ga yadda abin yake. Yayin da fistin ke hawa, yana matse gaurayen iska da fetur da ke samansa. A daidai wannan lokaci kuma yana barin gurbi a ƙarƙashinsa, cikin akwatin da karanshaf ke juyawa, sai sabon gauraye ya shigo daga kafireto ya cika gurbin. Da fistin ya kusa ƙurewa sama, sai fulogi ya ba da tartsatsi, gaurayen ya kama wuta, ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Yana sauka sai ya buɗe wata kafa a jikin silinda, hayaƙi ya fita zuwa salansa, sa'an nan ya buɗe wata kafar, sabon gaurayen da ya matso daga ƙasa ya hau sama.

Wannan tsari ya sa injin ba shi da nauyi, kayansa kaɗan ne, kuma yana da ƙarfi bisa ga girmansa. Idan yana juyi 6,000 a minti, wuta na tashi a cikinsa sau 100 a kowace daƙiƙa. Shi ya sa ake sa shi a zarton inji da injin kwalekwale da ƙaramin janareto. Amma yana da rauni babba. Tun da gaurayen fetur na ratsa akwatin karanshaf, babu damar a zuba man inji a wurin ya zauna kamar yadda ake yi wa mota. Dole man ya biyo fetur, ya shafi ƙarafa, ya ƙone tare da shi. Wannan shi ne asalin shuɗin hayaƙin. Wani ɓangare na fetur ɗin ma yakan tsere ta salansa bai ƙone ba, abin da ya sa dokokin tsabtar iska na ƙasashe da yawa suka ture irin wannan inji, har yawancin sababbin babura suka koma masu taku huɗu.

Iska tana da nauyi

Fetur ba ya ƙonewa sai da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Domin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, yana bukatar iska kilo 14.7. Lita 1 ta fetur nauyinta kimanin kilo 0.74 ne, don haka tana bukatar iska kusan kilo 11, wato wajen lita 9,000. Idan da jarka mai lita 25 za a auna, jarka 360 ke nan ta iska a kan lita guda ta fetur.

Aikin kafireto shi ne haɗa wannan gauraye. Iska na bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta zuƙo fetur ta wani ƙaramin ƙarfen tagulla mai huda da ake kira jet. Girman hudar shi ke yanke yawan fetur. Sai dai kafireto ba ya sanin nauyin iskar da ta ratsa shi, kuma nauyin iska yana sauyawa ta hanya biyu.

Ta farko ita ce tsawo. A bakin teku matsin iska kilofaskal 101 ne, a kan dutse mai tsawon mita 3,000 kuma kimanin 70 ne kawai. Inji yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Kano tana kimanin mita 480 sama da teku, Jos kimanin 1,200, tsaunin Mambila kuma kimanin 1,600. Idan aka hau da tsohon babur ɗin ƙanƙara kan dutse ba a sauya jet ba, fetur zai rinjayi iska, inji ya riƙa shaƙewa, fulogi ya yi baƙi. Saboda haka masu shi sukan sa jet mai ƙaramar huda.

Ta biyu ita ce zafi. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Domin lissafi, akan ƙara 273 a kan digirin santigiret. Mu ɗauki safiyar hunturu a Kano mai digiri 12, wato 285, da tsakar ranar watan Afrilu mai digiri 40, wato 313. Idan aka raba 313 da 285 za a sami 1.10. Ma'ana, lita guda ta iskar safiyar hunturu ta ɗara ta bazara nauyi da kashi 10 cikin 100. Babur ɗin da aka saita shi a bazara zai sami iska fiye da kima a hunturu.

To, wanne ya fi haɗari? Idan fetur ya yi yawa, asarar kuɗi ce da dattin fulogi. Idan fetur ya yi kaɗan, asarar inji ce. Dalili kuwa shi ne fetur ɗin da ke shiga yana sanyaya fistin yayin da yake zama tururi, kuma shi ke ɗauke da man inji idan a tanki aka haɗa su. Mai babur ɗin ƙanƙara da ya sa ƙaramin jet domin ƙololuwar dutse, sa'an nan ya sauko kwari ran da ake tsananin sanyi bai mayar da babba ba, yana iya huda fistinsa cikin 'yan mintoci, kuma a wurin da babu mai taimako.

Irin wannan kuskure yana nan a gida. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa kan je gareji su ce a rage wa babur shan mai. Idan kafireto ya lalace yana zubar da fetur, gyara shi daidai ne. Amma idan lafiyayye ne aka ƙanƙance masa jet, to an rage fetur, an rage sanyaya, an rage man inji, duk a lokaci guda. Abin da aka tara a gidan mai sai a kai shi Ƙofar Ruwa sayen fistin da ringi, har da ciko.

Ƙurar hunturu

A nan ne na'urorin biyu suka rabu. Babur ɗin ƙanƙara galibi ba shi da matatar iska ta sosai, sai raga da ke tare dusa, domin inda ƙanƙara ta rufe ƙasa babu ƙura. Mu kuwa daga watan Nuwamba zuwa Maris iska na ɗauko mana ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Cikin ƙurar akwai ƙwayoyin yashi da suka fi ƙarfen silinda tauri. Mu tuna da jarka 360 ɗin nan: duk ƙurar da ke cikinsu, idan ba a tace ba, za ta haɗu da man inji ta zama kamar sanfefa, ta ci ringi da boris.

Saboda haka a riƙa wanke matatar iska a kai a kai, musamman da hunturu. Idan ta soso ce, a wanke, a bari ta bushe, a ɗan shafa mata mai, a matse. Masu cire ta gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu sun yi kuskure biyu: sun buɗe wa ƙura ƙofa, sun kuma ƙara iska a kan fetur.

Awon man inji

Yawancin Vespa da ƙananan janareto suna son kashi 1 na mai a cikin kashi 50 na fetur. Lita 1 mililita 1,000 ce, idan aka raba da 50 za a sami mililita 20, wato ƙaramin cokalin shayi 4. Wasu tsofaffin injuna suna son 1 cikin 25 ko ma 1 cikin 20. A bi abin da maƙerin injin ya rubuta, kuma a auna da ma'auni. Zubawa da ka, ko da murfin gora, shi ke kashe injuna da yawa.

Man da ya dace shi ne mai alamar 2T, wanda aka yi domin ya gauraya da fetur, ya ƙone ba tare da barin toka mai yawa ba. Man mota, balle baƙin man da aka juye daga wani inji, yana barin gawayi a kan fistin, ya manne ringi, ya toshe salansa. Yawan mai fiye da kima ma ba gata ba ne, domin shi ma yana tara gawayi. Injunan da ke da tankin mai daban da famfo, kamar yawancin baburan ƙanƙara na shekarun 1990, sai a riƙa duba bututu da wayar famfon, domin idan suka tsinke inji ba ya ba da sanarwa sai ya buga.

A kula kuma da fetur ɗin kansa. Wanda aka surka da kananzir ba ya jure matsi, yakan fashe da kansa a cikin silinda, a ji ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe. Wannan ƙara gargaɗi ce, a saki totur.

Dalilin ɗumama inji

Yanzu mu koma kan dattijon Zaitawa da ke barin Vespa tana silo. Fistin na alminiyam ne, silindar tsofaffin injuna kuma ta baƙin ƙarfe ce. Idan aka ɗumama su daidai, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Ratar da ke tsakaninsu kuwa ba ta wuce kaurin silin gashi ɗaya zuwa uku ba. Idan aka tayar da inji da sanyi aka murɗa totur nan take, fistin zai yi zafi ya kumbura kafin silinda ta farga, sai ya cije a jikinta. A ƙasashen ƙanƙara wannan na daga cikin sanannun hanyoyin mutuwar inji. Minti biyu ko uku na silo, da tafiya a hankali da farko, sun isa rigakafi.

Shi kuma cok yana ƙara fetur ne a gauraye, domin fetur ba ya saurin zama tururi a cikin inji mai sanyi. Da inji ya ɗumama a mayar da shi.

Yawan zafi ma haɗari ne. Vespa tana da fanka da murfin da ke bi da iska kan haƙarƙarin silinda. Kada a yi tafiya ba murfin, kuma a kankare laka da maiƙon da suka cike tsakanin haƙarƙarin, domin suna riƙe zafi kamar bargo.

Fulogi ba ya ƙarya

Ba ma iya leƙa cikin silinda tana aiki, amma fulogi yana can, kuma launinsa shaida ne. Bayan tafiya mai ɗan nisa, a bari inji ya huce, a kwance shi a duba bakinsa. Idan ruwan ƙasa ne mai haske, awo ya yi daidai. Idan baƙi ne mai gawayi, fetur ya yi yawa ko matatar iska ta toshe. Idan baƙi ne mai maiƙo, man inji ya yi yawa ko tartsatsi ya yi rauni. Idan fari ne fat, ko da ɗigon alminiyam a jiki, a ajiye babur, fetur ya yi kaɗan.

Farin fulogi a tsohon inji ba kullum laifin jet ba ne. Akwai zoben roba a gefen karanshaf da ke hana iskar waje shiga. Idan ya tsufa ya bushe, iska na satar hanya ta nan ba ta bi ta kafireto ba. Alamarsa ita ce silo ya riƙa hawa da kansa, ko inji ya ƙi sauka bayan an saki totur. Zoben ba shi da tsada, amma sakaci da shi yana cin inji sukutum. Haka sauran kayan roba suke, kamar bututun fetur da bel. Bel ɗin babur ɗin ƙanƙara, kamar na injin markaɗe, idan ya yi santsi ko ya tsattsage sai a sake shi, kuma matafiyi ba ya fita ba da na ajiya ba.

Ajiye inji

Babur ɗin ƙanƙara yakan yi fiye da rabin shekara a ajiye. Mu ma muna ajiye janareto, ko injin ban ruwa da damina. Fetur ɗin da ya daɗe a kafireto yakan bushe ya bar wani danƙo da ke toshe jet. Kafin ajiya, a rufe makunnin fetur, a bar inji ya shanye na cikin kafireto har ya mutu da kansa. A kwance fulogi, a ɗiga man inji kaɗan cikin silinda, a juya a hankali, a mayar. A toshe bakin salansa da tsumma saboda zanzaro da ɓera. Idan jet ya toshe, a jiƙa shi a busa da iska. Kada a soka masa waya ko allura, domin tagulla tana da laushi, hudar za ta faɗaɗa.

Gargaɗi kan hayaƙi

Kowane injin fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, wanda ba lalle a farka daga shi ba. Gidajen cikin birni a matse suke, tagogi ƙanana. Kada a tayar da babur a cikin soro a rufe, kada a kwana da janareto a ɗaki ko a bakin taga, ko da tsoron ɓarawo ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Aikin gwaji a aji

1. A yanka tsinken shan lemo gida biyu. A tsoma guda a kofin ruwa a tsaye, a kafa bakin ɗayan a saman na farko, a busa da ƙarfi. Ruwa zai hau ya fita feshi. Kafireto ke nan.

2. A ɗaura balan-balan a bakin kwalba wadda ba komai a ciki. A tsoma kwalbar a ruwan zafi, sa'an nan a ruwan sanyi. A rubuta abin da aka gani, a danganta shi da iskar bazara da ta hunturu. Kada a shigo da fetur aji ko kaɗan.

Tambayoyi

1. Mililita nawa na man inji za a zuba a lita 4 ta fetur, a awon 1 cikin 50?
2. Inji mai ƙarfin doki 10 a bakin teku, nawa zai rage masa a tsawon mita 1,500?
3. An saita babur a Jos da zafi, an kawo shi Kano da hunturu. Wane launi kake tsammanin gani a fulogi, kuma don me?

Kammalawa

Mun ga cewa dokokin matsin iska da buɗewar ƙarfe da ƙuna, waɗanda muke haddacewa domin jarrabawa, su ne bakanike ke aiki da su kullum a bakin titi, ko da bai kira su da sunayensu na littafi ba. Muna ba malaman kimiyya shawara su nemi izinin wani gareji na kusa, su kai ɗalibai su ga an kwance kafireto, su riƙe jet a hannu, su kwatanta fulogi uku masu launi daban-daban. Bakanike zai nuna abin da ke faruwa, malami ya bayyana dalilinsa. Ɗalibi kuma idan ya koma gida, ya fara da auna man da ake zuba wa janareton gidansu.